Ruwan Aro na Kaigama Alkasum

A shekarar da damina ta yi wa Damagaram ƙarya, gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye, bazarar da ta biyo baya ma ba ta zo da sauƙi ba. Famfon unguwar Zango ya koma kayan ado. Sai a yi kwana da kwanaki ba a ji tarinsa ba, ranar da ya yi tari kuwa mace ta bar tukunya a wuta ta ruga da bokiti. To, a cikin wannan hali ne Alkasum ya zama Kaigama, wato sarkin yaƙi.

Kada ku ɗauka wani sarki ne ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa, a siber ɗin Sha'ibu, wani ɗaki mai rufin kwano da ordinater shida, wato kwamfuta, da fanka biyu, inda samarin unguwa suke taruwa suna wani wasan yaƙi ta intanet. Sunan wasan na Faransanci ne, dogo, ba wanda yake wahalar da harshensa a kansa, Ganuwa kawai suke ce masa. Kowa yana da mutuminsa a ciki, wani mai takobi, wani maharbi, wani boka mai warkar da waɗanda aka sara. Sun haɗa runduna, sun sa mata suna Damisoshin Damagaram, sun gina birninsu a gefen wani kogi da ba ya ƙafewa. In an tashi daga wasa sai a koma fada, gindin dogon yaro a ƙofar siber, a ɗora shayi, a shiga gardamar wanda ya gudu da wanda ya tsaya har a kira magariba.

A fadar nan muryar Alkasum ce a sama. Dukanci ya gada, amma rabonsa da basilla tun babansa yana da ƙarfin yi masa tsawa. Abin da ya ƙware a kai shi ne ya bugi ƙirji ya ce, "Ku bar mini wannan!" Ya faɗi haka ranar da babur ɗin Gambo maharbi ya ƙi tashi, babur ɗin yana jingine har yau. Ya faɗi haka ranar da aka ce a nemo wa fada sabuwar butar shayi, ya dawo da mai yoyo. Duk da haka in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haƙa kogin da ke cikin wasan.

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, Kyari, ɗan Barebarin Birni, siriri mai magana a hankali, wanda yake riƙe da bokan runduna.

"Boka ai ba mayaƙi ba ne," in ji Alkasum. "Ungozoma ce da wando."

"Ungozomar nan sau nawa ta tashe ka jiya?" in ji Kyari yana juya shayi. "Ka ruga gaba da ihu, ka faɗi ihun bai ƙare ba."

"Dabara ce. Hankalinsu nake ja."

"Ka ja kuwa. Har yanzu dariya suke a Maraɗi."

Ambaton Maraɗi ya fama wa fada gyambo, domin rundunar 'yan Maraɗi ce babbar abokiyar gabarsu, kuma ranar nan suka rubuto musu a cikin wasan cewa, "Damisoshi, ku nemi ruwa ku wanke fuska tukuna, sannan a yi maganar yaƙi." Maganar ta yi zafi saboda gaskiya ce. Alkasum ya shiga ya ture Gambo daga kujera ya ba da amsa da kansa: su zaɓi rana, su zaɓi lokaci, ko tsakar rana ce. 'Yan Maraɗi ba su yi wata-wata ba, suka ce Laraba bayan azahar, wanda aka ci kuma birninsa ya tafi.

Sha'ibu ya dafe kai. "Alkasum, ka kashe mu. Bayan azahar ai rufewa nake yi. In kwanon nan ya ɗau zafi injinan suma suke, ɗaya bayan ɗaya, kai ma ka sani. Su can ɗakinsu da kilim mai hura sanyi, har bargo suke nema."

Alkasum ya bugi ƙirji. Kun san abin da ya ce.

A gida kuwa matarsa Kellu tana kwance da jariri, ɗan fari, namiji, suna ranar Juma'a. Bisa al'ada a gidan iyayenta ya kamata ta haihu, ta yi wankan jego a can, safe da yamma da tafasasshen ruwa, har ta yi arba'in. Uwarta Hajja Falmata ta zo tun daga Guna da amalanken Nomau maƙwabcinsu don ta tafi da ita, ga rijiyar garkarsu ba ta ƙafe ba. Alkasum ya zube yana magiya, domin ya riga ya cika Zango da labarin ragon da zai yanka da taron da za a yi a ƙofar gidansa. Ya rantse ruwa ba zai yanke masa ba.

Hajja Falmata gajeriya ce mai zanen Barebari, kuma tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa duban fuskar surukinta ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, saboda kunya. Ta juya masa baya ta ce wa 'yarta, "Ki gaya masa na ji. Ki gaya masa kuma, ranar da kika rasa wanka sau ɗaya, na safe ko na yamma, ba zan yi gardama da kowa ba. Amalanke na nan, sa na nan. Suna sai a Guna."

Ruwa kam an samu, sai dai ba shi ya samo ba. Nomau ne ya jawo shi daga Guna a bido-bidon roba, aka cika randa biyu, sauran aka jera a inuwa, daidai abin da zai kai su bayan suna. Duk mai zuwa barka sai Alkasum ya zaga da shi ya nuna masa, ya ce, "Tsari ke nan. Gida sai da tsari."

Ranar Talata ya tsoma moɗa a randa ya sha, sanyin ya ratsa masa haƙori. Ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙen buhun da Hajja ta naɗe randar da shi. Ya taɓa buhun, ya taɓa randar, ya ɗaga kai sama ya ce, "Allah mai iko!" Abin da ya sanyaya randa me zai hana shi sanyaya ordinater? Turawa da duk iliminsu ba su hango wannan ba, sai shi.

Laraba da hantsi Hajja ta tafi kasuwar Dole sayen kanwa da kayan yaji, Nomau ya bi ta don ya ɗauko mata kaya. Ko ƙurarsu ba ta kwanta ba Alkasum ya ɗaura wa sa amalanke, ya juye randunan nan a cikin bido, ya lode komai. Bai bar ko ɗigo a gidan ba, ban da ɗan tulun da ke gefen gadon Kellu, wanda take sha.

"Malam, ina za ka da ruwan?" Kellu ce ta leƙo ta labule.

"Aro ne. Zai je ya zauna a gaban fanka ya dawo. Inji ba ya shan ruwa, Kellu, iskarsa kawai yake so."

"Hajja da la'asar take ɗora tukunya."

"Kafin liman ya ta da salla ruwa na cikin randa. Ba ma za ta san ya yi yawo ba."

"Ka bar ko bido ɗaya."

"Kaigama ba ya fita da rabin kaya."

Kellu ta dubi jaririn da ke hannunta ta ce, "Jikina bai daina ciwo ba, Malam. Wankan nan ne kaɗai ke sa in runtsa." Ba ta sani ba ko ya ji, domin ya riga ya tsula wa sa bulala.

Ɗaya daga cikin bidon ba shi da marfi, ya toshe shi da totuwar masara. Amalanke na gargada, totuwa na rawa, ruwa na ɗiga a kan hanya. A bakin mataccen famfo akwai mata zaune da bokitai tun asuba. Lubabatu mai ƙosai, wadda muryarta ke kaiwa unguwa uku, ita ta fara ganin layin danshi a ƙasa. Ta miƙe, sauran suka miƙe. Alkasum ya isa ƙofar siber ya waiwaya, sai ya ga jerin mata a bayansa kowa da bokiti a ka.

"Alkasum, ina aka buɗe?" in ji Lubabatu.

"Ba a buɗe ko'ina ba. Wannan ruwan aiki ne."

"Wane aiki?"

"Na'ura za a sanyaya."

Lubabatu ta sauke bokiti a hankali. "Wato ƙarfe ya sha sanyi, mu da 'ya'yanmu mu sha kallo."

"Ba za ki gane ba, Iya, harkar ilimi ce."

"Ai kuwa sai na zauna na gane." Ta zauna a gindin dogon yaro, matan nan duka suka zauna, suka kife bokitai suna jira.

Alkasum ya ɗaure san a jikin turken rumfa da igiyar da ya ƙulla da kansa, aka shiga da kaya. Aka jiƙa buhuna aka naɗe akwatunan injina. Aka cika robobi aka jera a gaban fanka. Aka jiƙa zana aka rataye a taga. Sha'ibu yana biye da shi yana cewa a yi a hankali, shi kuwa yana ba da umarni da yatsa ɗaya. Kyari kaɗai ya ƙi. Ya ja tasa na'urar zuwa kusurwar da akwatin rezo mai kawo intanet yake, inda Sha'ibu ke da ɗan batir, ya ce, "Ni ku bar ni da zafina."

"Matsoraci ko a gaban buhu matsoraci ne," in ji Alkasum.

Gambo ya miƙa hannu zai gyara buhunsa, wuta ta fizge shi, ya yi tsalle ya faɗa kan kujerar wani yana salati.

"Kun gani?" in ji Alkasum. "Kuran na lantarki ma ya ji daɗi, ƙarfinsa ya ƙaru."

Abin haushin shi ne, da farko dabarar ta ci. Aka dawo daga azahar aka tarar ɗaki ya yi sanyi, iska mai ƙanshin ƙasar damina tana kaɗawa, injina suna gurnani lafiya lau. Samari suka fara yi masa kirari. Sha'ibu da kansa ya ce, "Kai, Alkasum, ashe wani lokaci kana yin daidai." Alkasum ya zauna a kujerarsa ya kumbura har rigarsa ta yi masa kaɗan.

Yaƙi ya tashi. 'Yan Maraɗi suka ɓullo ta gefen kogi da tsani da majajjawa, Damisoshi suka hau ganuwa. Mutumin Alkasum, wani ƙato mai sulken zinariya, ya tsaya a ƙofar birni yana juya takobi. Maigidansa kuma yana danna madannai yana ba matan waje labari ta taga: "Na sare biyu! Na sare uku! Iya Lubabatu, kina ji?"

"Ina ji," in ji ta. "In ka gama sara ka miƙo mana na alwala."

Sai dai rana ba ta san da yarjejeniyar aro ba. Kafin a kai ko'ina buhuna sun bushe, zana ta bushe. Alkasum ya sa a ƙara jiƙawa. Suka sake bushewa, aka sake jiƙawa. Ya ɗaga wani bido ya ji shi sakayau, amma ya ce a ransa ai na cikin robobi yana nan, shi zai koma gida, in an zuba a randa wa zai auna?

Ana nan sai ga zuma guda ta shigo ta taga ta sauka a kan buhun Gambo. A shekarar nan ƙudan zuma ma ƙishi suke ji kamar kowa, kuma akwai tsohuwar kuka a bayan duwatsu da suka yi gida a ciki. Guda ta koma ta kai labari. Kafin ka ce me, buhunan nan sun yi baƙi, bakin robobi ya yi baƙi, ƙugi ya rufe ƙarar fanka.

"Kada wanda ya motsa!" in ji Alkasum. "Zuma ba ta harbin jarumi. Ku riƙe ganuwa!"

Bai rufe baki ba ɗaya ta same shi a leɓe, wata a fatar ido. Gambo ya saki madannai ya shiga marin kansa, maharbinsa a cikin wasa ya juya ya harbi nasu. Wani ya ja riga ya rufe kai yana wasa a makance. 'Yan Maraɗi suka kafa tsani na farko.

"Hayaƙi!" in ji Alkasum da leɓen da ya fara nauyi. "Ku baw mini wannan!"

Ya ruga waje ya sunkuci kaskon wutar shayi, ya tsinci busasshen kashin shanu ya zuba a kai, ya ƙara da tsumma, ya shigo da shi ya dire a gaban fanka don hayaƙin ya bazu. Ya bazu kuwa. Cikin ƙiftawar ido ba mai ganin gilashin na'urarsa, kowa na tari, zuma kuma maimakon su fita sai suka fusata. Fanka ta kwashi tartsatsi ta watsa wa zanar taga, wadda ta riga ta bushe ƙarau. Harshen wuta ɗan ƙarami ya leƙa waje, baƙin hayaƙi ya bi shi.

Lubabatu ta miƙe ta cika ƙirji. "Gobara! Jama'a, gobara a siber!"

Unguwa ta fito, masu shago, masu ɗinki, masu barcin rana. Amma a Zango ta wannan shekara wa zai ɗauki ruwan shansa ya watsa wa wuta? Ba wanda ya ko yi tunanin haka. Ƙasa ake zuba wa gobara, ga ta nan kyauta, ga kuma mata da bokitai a hannu ba komai a ciki. Suka durƙusa suka cika, suka yi layi kamar sun shekara suna koyon aikin. Bokiti na farko ya shiga ta taga, na biyu ta ƙofa, na uku ya samu Sha'ibu a ƙirji yana ihun, "Ku tsaya! Ba gobara ba ce! Injina!"

"Ka ji shi, hayaƙi ya taɓa masa kai," in ji Lubabatu. "Ku ƙara!"

Wutar zana ta mutu tun a bokiti na biyu, amma wanda ya ɗebo ƙasa ba ya mayar da ita. Rairayi ya haɗu da jiƙaƙƙun buhuna ya zama taɓo, taɓo ya shiga hancin injina. Ɗaya ta yi tartsatsi, ta biyu ta yi wani ƙara kamar an taka kwaɗo, sauran suka yi shiru. Robobin gaban fanka suka koma kwaɓin gini.

A nan ne Alkasum ya tuna da la'asar. Ya laluba cikin hayaƙi ya samu wata babbar roba a ƙarƙashin tebur da ƙasa ba ta kai gare ta ba, cike, ita kaɗai ta rage. Ko wannan aka tafasa aka yi tattali, Kellu za ta yi wankan yamma. Ya rungume ta ya nufi ƙofa yana cewa a ba shi hanya.

San Nomau kuwa tun hantsi yake tsaye a rana yana shaƙar ƙanshin ruwa, ba wanda ya ba shi ko kurɓi. Ƙullin Alkasum irin aikin Alkasum ne, fizga ɗaya ya kwance. Sa ya taho da amalanke a bayansa, ya cusa kai ta ƙofa, ƙafafun amalanke suka cije a dokin ƙofar, ba shiga ba fita. Alkasum ya tsinci kansa fuska da fuska da ƙaho biyu. Ya ja da baya ya zauna daɓas, robar a cinyarsa, sa ya tsoma baki.

"Kai! Kai! Na maijego ne!" Yana ture hancin sa, sa yana zuƙa. Samari a bayansa suna neman hanyar gudu daga zuma, suka bi ta kansa, wasu suka rarrafa ta ƙarƙashin cikin san. Kafin a janye dabbar da baya, ta lashe robar har ƙasa, ta ɗaga kai ta yi masa atishawa a fuska.

Ladan ya kira la'asar.

Aka fito da shi gaban jama'a, ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum, taɓo tun daga hula har takalmi, robar wofi a hannu. Sha'ibu yana zaune a ƙasa ya rungume akwatin inji guda yana kakkaɓe shi, ba ya ko iya zagi. Duk da haka Alkasum ya gyara tsayuwa ya ce, "Tsarin daidai yake. Zuma ce ba ta cikin lissafi."

"Sa fa?" in ji wani.

"Sa ma."

"To me ke cikin lissafin?" in ji Gambo yana cire ƙari daga kunne.

Bai samu ya amsa ba taro ya dare biyu. Hajja Falmata ce, ƙullin kanwa a hannu, Nomau a bayanta yana salati da ganin amalankensa. Ta je gida ta tarar da randuna a bushe, ta biyo sawun sa. Ta tsaya ta juya wa surukinta kafaɗa, kamar kullum, ta ce wa Lubabatu, "Baiwar Allah, ki tambayar mini shi, ina ruwan yarinyata?"

Lubabatu ta samu abin da take so. Ta buɗe murya yadda na bayan layi zai ji: "Kaigama! Surukarka ta ce ina ruwan wankan matarka da ka sato?"

"Ban ce sata ba," in ji Hajja.

"Ni na ƙara, Hajja, don ya fi fita."

"Ki ce mata aro ne," in ji Alkasum, kansa a ƙasa. "Ki ce mata yana nan."

"Ya ce yana nan, Hajja. Rabi a cikin taɓo, rabi a cikin zuma, sauran a cikin sa. In kin yi haƙuri san zai mayar da nasa zuwa anjima."

Jama'a suka kwashe da dariya, har masu kumburarrun fuska. Hajja ba ta yi ba. Ta ce tana so ta ga abin da aka ba ruwan. Aka matsa mata, ta taka taɓo ta shiga. Hayaƙi ya lafa, zuma sun koma kan buhuna. A kusurwa Kyari yana zaune ya lulluɓe kansa da na'urarsa da babbar riga, ita kaɗai ke da rai. Ya yaye rigar don girmamawa.

A gilashin ga birnin Damisoshi, tutar Maraɗi tana kaɗawa a kan ganuwa. Ga ƙaton nan mai sulken zinariya kwance a ƙofa, bokan Kyari tsaye a kansa. Kuma ruwa ake yi. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya tumbatsa, ciyawa kore shar. Matan da suka leƙo ta taga suka ƙura ido, domin rabonsu da ganin irin wannan sun manta.

"Wannan ina ne?" in ji Hajja.

"Garinmu ne na cikin wasa, Hajja," in ji Kyari. "Da dai namu ne."

"Wancan na kwance fa?"

Kyari ya ɗan yi tari. "Kaigama ne."

Hajja ta daɗe tana kallo. Sannan ta fito, ta ɗauki bido guda na wofi, ta taka har gaban Alkasum. Ta ɗaga kai ta dube shi cikin idon da ya rage a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta miƙa masa bidon ta yi masa magana da bakinta.

"Ga ruwa can a garinku. Shiga ka ɗebo."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Da ta zage shi ta bakin Lubabatu da ya fi masa sauƙi, domin kowa a wurin ya san surukar da ta dubi idonka ta daina jin kunyarka ke nan.

Nomau ya gyara wa sa igiya da ƙulli na gaske. Ba a jima ba amalanke ya sake biyowa ta gaban siber, hanyar Guna ke nan. An shimfiɗa tabarma, Kellu na zaune ta lulluɓe jariri da zane, Hajja ta riƙe musu laima, bidon wofi suna ƙara a baya. Ragon suna ma yana ɗaure a jikin amalanken yana bi. Alkasum ya bi su da sassarfa yana cewa a tsaya a yi magana, gobe-goben nan zai kawo ruwa ko daga ina ne, akwai wani tsari da ya tuna. Matan bokiti suka raka shi da guɗa.

Kellu ta dube shi, ta ga fuskar, ta kawar da kai don kada ta yi dariya ko kuka. Ta ce, "Ka shafa toka a wurin harbin, Malam. Juma'a da safe ne, kada ka makara. Yaron bai yi maka komai ba."

Ya tsaya a tsakiyar hanya har suka sha kwana. Daga baya ya ji muryar Gambo yana tambayar fada wa za a ba Kaigama yanzu, wani ya ce a ba san Nomau, tunda shi kaɗai ya fita da riba.

Ya koma gida ta bayan layi. Randuna biyu a kife, murhu ba wuta, itacen da Nomau ya kawo a jibge ba a taɓa ba. Maƙogwaronsa ya bushe da hayaƙi da ƙasa, ya san kuma ba abin da zai samu. Sai ya hango ɗan tulun Kellu a bakin ƙofar ɗaki, an rufe shi da faifai, an ɗora dutse a kai don kada akuya ta ture. Ya ɗaga ya girgiza, ya ji ruwa ya kai rabi. Ita da za ta yi tafiyar Guna da jariri a hannu, da ciwon jiki, ba wanka, ita ce ta bar masa abin da zai sha.

Alkasum ya zauna a dokin ƙofa da tulun a cinya. Hannunsa ya tafi ƙirji kamar yadda ya saba, ya duba hagu, ya duba dama, babu wanda zai ce wa a bar masa. An riga an bar masa.